Ganin likita ta waya a Damagaram: wa yake samu, wa ake tsallakewa?

Wata malamar makaranta daga Sabon Gari, nan cikin Damagaram, ta aiko da wannan tambaya: "Likita, ni in ɗana ya yi zazzaɓi nakan aika wa wani ma'aikacin lafiya saƙo ta WhatsApp, kafin awa guda ya ba ni amsa. Innata da ƙannena mata suna ƙauye wajen Dungas, kuma akwai salula a gidan, amma ba wadda ta taɓa yin haka a cikinsu. Ana ta cewa duba marar lafiya daga nesa zai rage wa mutanen karkara wahala. Gaskiya ne? Su wa ke amfana da shi, su wa ake tsallakewa, kuma me ya jawo?"

Malama, sannu da ɗawainiya, Allah ya ƙara wa Inna lafiya. Abin da kika lura da shi a gidanku shi ne halin da jahar nan take ciki baki ɗaya. A yadda ake tafiyar da shi yau, ganin likita ta waya ya fi isa ga wanda dama yake kusa da likita: ɗan birni, mai karatun boko, mai albashi, mai wayar kansa. Matar ƙauye mai goyo, tsoho mai hawan jini, makiyayi a arewacin Tanut, su ne suka fi kowa buƙata, kuma su ne na ƙarshen samu. Ana iya gyara wannan, sai dai ƙara turakun waya kaɗai ba zai gyara shi ba, domin cikas ɗin ba duka a rezo, wato kamawar layin waya, yake ba.

Abu uku ne ake haɗawa a kira su da suna ɗaya. Akwai marar lafiya ya kira likita kai tsaye, da murya ko da bidiyo, irin naki. Akwai ma'aikacin lafiya na ƙauye ya tuntuɓi wanda ya fi shi ƙwarewa a birni, ya aika masa hoton ƙurji ko hoton ƙirji ko sakamakon gwajin jini, ya jira shawara. Sai kuma saƙonnin tuni da wayar da kai, na ranar awon ciki ko ranar rigakafi. Kowanne da mutanen da yake kaiwa gare su. Masu tallar abin sun fi ambaton na farko saboda shi ya fi ƙayatarwa, kuma shi ne ya fi nuna bambanci tsakanin mutane.

Buƙatar kam babu musu a kanta. Ƙidayar 2012 ta ba jahar Damagaram mutum fiye da miliyan 3 da rabi, ita ce ta fi kowace jaha yawan jama'a a Nijar, kuma mun ƙaru sosai tun daga lokacin. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ƴan ƙasa a karkara suke zaune. Likita ɗaya a Nijar yana ɗauke da mutum fiye da 20,000, kuma ƙwararru sun taru ne a Yamai, kusan kilomita 900 daga nan, sai ƴan kaɗan a babban asibitin ƙasa na Damagaram da cibiyar kula da uwa da yaro. Kusan rabin jama'a suna zaune nesa da gidan likita da fiye da kilomita 5. Wanda ya taɓa ganin an ɗoro mai naƙuda a amalanke cikin damina ba sai an yi masa bayanin amfanin shawara daga nesa ba.

Alƙaluman da aka fi yawo da su a kan wannan batu daga Amurka suka fito, kuma ya kamata a karanta su da hankali. A can, cikin shirin inshorar tsofaffi na Medicare, ganin likita daga nesa ya tashi daga kusan 840,000 a 2019 zuwa miliyan 52.7 a 2020, saboda annobar korona. Ƙididdigar hukumar lafiyarsu ta 2021 ta nuna kashi 37 cikin 100 na manya sun yi amfani da shi a cikin shekarar. Mata sun fi maza, kashi 42 da kashi 31.7. Tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama sun fi matasa. Amma mazauna karkara kashi 27.5 ne kacal, alhali mazauna manyan birane sun kai kashi 40. Ke nan ko a ƙasar da kusan kowa ke da waya da wutar lantarki, wanda ya fi nisa da asibiti shi ya fi ƙarancin kiran likita. Wannan darasin ya shafe mu kai tsaye. Na mata kuwa bai shafe mu ba, domin a can mace ce ke riƙe da wayarta, ita ke yanke shawarar kira. A nan abin ya juya, kuma a nan nake so in tsaya.

Kin ce akwai salula a gidan. To, a aljihun wa take kwana? A yawancin gidajen karkara ta maigida ce, ko ta babban ɗa. Da safe tana tafiya gona ko kasuwa tare da mai ita. Da rani kuwa, in ya tafi ci-rani Kano ko Agadas ko Libiya, sau da yawa da ita yake tafiya, ko ya bar ta hannun ƙanensa. Mai ƙidaya zai zo ya rubuta cewa gidan yana da waya, kuma bai yi ƙarya ba, amma matar da ke kwana da yaro mai zafin jiki ba ta da ita a daren da take buƙata. Binciken ƙungiyar kamfanonin salula ta duniya ya sha nuna cewa a Afirka kudu da Sahara mata suna bayan maza da kusan kashi 30 cikin 100 wajen amfani da intanet ta waya, kuma tazarar ta fi faɗi a karkara.

Ko an ara mata wayar, saura izini. Mace ta kira namijin da ba ta sani ba, ta yi masa bayanin jikinta, abu ne da gidaje da yawa ba za su yarda da shi ba sai da sanin miji, wani lokaci har da uwar miji. Bayan izini kuma saura kunya da sirri. Wadda fitsari ke zubo mata bayan doguwar naƙuda, ko mai zubar jini, ko mai son tazarar haihuwa, ta yaya za ta faɗa a tsakar gida, da wayar miji, shi yana tsaye, kishiya tana jin komai? A ɗakin awo aƙalla akwai labule da ungozoma. Saƙon murya kuwa yana zama a cikin wayar, duk wanda ya ɗauka zai saurara. Na ga matan da suka gwammace su yi tafiyar rabin yini a ƙasa da su bar irin wannan saƙo a wayar da ba tasu ba, kuma ban ga laifinsu ba. Hankali suka yi.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce ƙaramar amarya. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kusan ƴan mata uku cikin huɗu a Nijar ana yi musu aure kafin shekara 18, kuma Damagaram da Maraɗi suna cikin jahohin da abin ya fi yawa. Yarinya mai cikin fari ita ce ta fi shiga haɗarin jijjigar masu ciki da doguwar naƙuda. Ita ce kuma ba ta da waya, ba ta da kuɗi, ba ta da bakin magana a gidan miji, ga kunyar ɗan fari da ke hana ta ko ambaton cikin. Duk tsarin da ya dogara a kan marar lafiya ya ɗauki waya da kansa ya kira, ya riga ya cire wannan yarinya tun kafin a fara. Shi ya sa in an nuna mini yawan kiran da wata cibiya ta samu a wata, tambayata ta farko ita ce nawa ne daga mata ƴan ƙasa da shekara 20.

Sai karatu da harshe. Manyan da suka iya karatu da rubutu a ƙasar nan ba su kai rabi ba, mata kuma sun fi ƙaranci. Manhajojin lafiya da ake kawo mana galibi da Faransanci suke, sai ka rubuta suna, ka zaɓi alamomin ciwo daga jeri, ka karanta amsa. Takardar magani ma da Faransanci ake rubuta ta. Dokar sabunta ƙasa ta 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma hakan bai sauya allon waya ba tukuna. Kuma kada mu Hausawa mu manta cewa jahar nan ba Hausa kaɗai ake yi ba. Akwai Barebari a wajen Gure, Tubawa a Taskar, Buzaye a Tanut da Balbeji, Fulani ko'ina. Namiji daga cikinsu yakan ji Hausar kasuwa, amma tsohuwa ko matar da ba ta fita ba lallai ta iya kwatanta ciwon ciki da Hausa ba. A asibiti ana samun ɗan rakiya ya fassara. A waya, in ba a tanadi mai jin harshen ba, magana ta ƙare.

Cikas ɗin karatu yana da magani, kuma a ƙasarmu aka gwada. A 2009 da 2010 an yi wani shirin yaƙi da jahilci mai suna ABC a ƙauyuka fiye da 100 na jahohin Doso da Damagaram, wanda masaniyar tattalin arziki Jenny Aker da abokan aikinta suka bibiya. An koya wa manya karatu, a rabin ƙauyukan kuma aka haɗa da koyon sarrafa ƙaramar salula. Waɗanda suka koyi wayar sun fi sauran cin gwajin rubutu da lissafi. Manya ne, manoma, mata da maza, da waya mai maɓalli. Saboda haka idan wani ya ce miki mutanen ƙauye ba za su iya ba, ba a koya musu ba ne. Yau ma saƙon murya ya sauƙaƙa abin, tunda ba ya neman a iya rubutu, sai dai yana neman babbar waya da kiredin intanet, waɗanda su ma suna hannun ƴan ƙalilan. Masu amfani da intanet a Nijar ba su wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Tsofaffi matsalarsu a fili take: ido ya yi rauni, kunne ya yi nauyi, lamba ba ta zama a kai, kuma da yawa ba sa jin an duba su in ba a taɓa su ba. Suna da gaskiya a wani ɓangare, domin ba a auna hawan jini da murya. Kurame da makafi kuwa kusan ba a ma sa su cikin lissafi.

Batun wuri da kuɗi tare suke tafiya. A unguwar Birni ko Zango, nan cikin gari, kina da zaɓi tsakanin Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecom. Kudu, wajen Magarya da Matamai da Dungas, ƙauyuka suna kusa da juna, rezo yana samuwa ko da rauni, wasu ma na bakin iyaka da layin Najeriya suke kira. Arewa kuwa, da zarar an wuce Tanut ko an nufi Taskar, sai mutum ya hau tudu yana neman sanda ɗaya. Makiyayi yana iya yin kwanaki bai shiga inda waya ke kamawa ba, kuma shi ne ya fi kowa nisa da gidan likita. Kuran, wato wutar lantarki, ma haka: kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da shi a ƙasar, a karkara kuwa ƙasa da haka nesa. Cajin waya sai an kai wa mai sola a biya. Mu na birni ma mun ɗanɗana lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya a watan Agusta na 2023. Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Tun 2006 doka ta ce duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ko da aiwatarwar tana tangal-tangal, uwar da ta je da ƙafarta tana da wannan haƙƙi. In ta waya ce, kiredi daga aljihunta zai fita, in likitan kuɗi ne kuma sai ta tura masa ta Nita ko Amana kafin ya saurare ta. Ga mai albashi wannan sauƙi ne, ya huta da kuɗin kabu-kabu da bin layi. Ga talaka ƙarin kashewa ne a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, watannin Yuli zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa suke cika asibitocin yara.

A ce duk an tsallake waɗannan, kira ya shiga, likita ya saurara. Sai me? Ke in an ce ki sayi magani, farmasi yana bayan gidanki. In an ce a yi gwajin jini, akwai inda za ki je kafin azahar. Ƙanwarki in an ce mata haka, ta koma inda ta fito: babu gwaji, babu magani sai na ɗan tebur mai yawo da kwali a rana, babu mota. Shawara ba tare da hannun da zai aiwatar ba kamar a kwatanta wa mai ƙishirwa rijiya ne ba a ba shi guga ba. Zazzaɓin yaro ba a tantance shi ta waya, sai an ɗiga jini a abin gwaji, minti 15 zuwa 20 a ga sakamako. Ƙarancin jini ana duba shi a tafin hannu da cikin fatar ido, hoton ƙaramar waya a ɗaki mai duhu kuwa yana ruɗi. Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2019, ta amince da ganin likita daga nesa a matsayin ƙari a kan zuwa asibiti, ba madadinsa ba.

A ganina, hanyar da za ta kai ga Inna da ƙannenki ita ce ta biyu, wadda ba a cika yi wa talla ba: a sa wayar a hannun ma'aikacin da ke kusa da su. Muna da tsarin a ƙasa. Tun shirin musamman na zamanin Shugaba Tanja Mamadu, daga 2001, aka gina ƙananan gidajen likita na ƙauye masu yawa, a samansu akwai CSI, wato cibiyar lafiya ta yanki, da majo, babban nas mai kula da ita, da ungozoma, a ƙasansu akwai wakilan lafiya na gari waɗanda kowa ya san gidansu. Matar da ba ta da waya, ba ta iya karatu, ba ta jin Faransanci, tana iya zuwa wurin ungozoma. Ungozomar ce za ta auna jini, ta taɓa ciki, ta kira likitan gunduma a Magarya ko ƙwararre a Damagaram, a yanke shawara ko a riƙe ta ko a taso da ita yanzu. A wannan tsari jinsi da shekaru da harshe da talaucin marar lafiya ba sa hana shi shiga, tunda ba shi ke riƙe da na'urar ba. Ba sabon abu ba ne: hanyar RAFT, wadda asibitin jami'ar Janeba ya faro da likitocin Mali a 2001, ta daɗe tana haɗa ma'aikatan lafiya na ƙasashe masu amfani da Faransanci, har da Nijar, don neman shawara da ƙarin ilimi. Abin da yake buƙata sola ce a gidan likita, da kiredin da hukuma ke biya ba majo daga albashinsa ba, da jadawalin likitan da zai ɗauki waya ko da tsakar dare, da motar ɗaukar marar lafiya mai mai a tanki. Shirin ƙauyuka na zamani da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, na dalar Amurka miliyan 100, an tsara shi don kai rezo karkara. Rezon in ya iso, gidan likita ya kamata ya fara shiga.

Jaharmu ta riga ta nuna wa duniya abu biyu da suka dace da wannan. A gundumar Mirya ne ƙungiyoyin agajin lafiya na ALIMA da BEFEN suka gwada koya wa iyaye mata auna damtsen yaro da ɗan zare mai launi, ja yana nufin ƙasa da milimita 115, tamowa mai tsanani. Matan da ba su taɓa shiga aji ba suka iya, suka riƙa kawo yara da wuri, har wasu ƙasashe suka ɗauka. Kuma a nan ne, wajen Magarya da Matamai, aka faro makarantar mazaje da tallafin UNFPA, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya kan yawan jama'a, inda magidanta ke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a asibiti. Na farko ya nuna uwa tana iya zama idon likita in an ba ta ma'auni mai sauƙi. Na biyu ya nuna izinin miji abu ne da ake nema a samu ta hanyar zama da shi. Duk mai son kawo ganin likita ta waya ƙauye, in bai bi ta waɗannan ƙofofi biyu ba, ƴan birni zai yi wa aiki.

Ku ma masu samu, akwai abin kiyayewa. Ba duk mai sa farar riga a hoton WhatsApp ne likita ba, kuma masu sayar da maganin ƙarya sun fi mu iya saƙon murya da Hausa mai daɗi. Hoton jikinki ko na ɗanki in ya fita daga wayarki ba ki da iko da shi kuma. Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun 2017 da hukumar da ke kula da ita, amma kariya ta farko ita ce ki san wanda kike aika wa, ki san inda yake aiki.

Game da Inna, ga abin da zan ba ki shawara. In kin je gida, ki je CSI mafi kusa da kanki, ki gaisa da majo da ungozoma, ki karɓi lambarsu, ki kuma san wakilin lafiya na garin. Ki zauna da mazajen ƙannenki a yi maganar a fili, a samu yardarsu tun ana lafiya. In da hali, ki saya wa matan gidan ƙaramar waya mai maɓalli wadda cajinta ke kwanaki, ta zauna a ɗakin Inna, a sa lambar ungozoma a maɓalli ɗaya, ki riƙa tura kiredi daga nan. In Inna tana da hawan jini ko ciwon suga, a riƙa auna ta a can, a karanto miki lambobin, ke ki kai wa likitanta a nan, wannan yana cikin abubuwan da waya ta fi dacewa da su. Amma ki ja musu kunne da kyau: yaro mai jijjiga, ko mai numfashi sama-sama, ko wanda ya ƙi nono, mai ciki da ta ga jini ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, naƙudar da ta wuce yini ko dare, sanƙarewar wuya da zazzaɓi, saran maciji, waɗannan ba a jiran amsar saƙo a kansu. A kama hanya nan take, a kira ungozoma ana tafe don ta shirya.